Sunan da Aka Rubuta a Kwalbar Jini

A ƙauyenmu na ƙasar Kunci, inda gonar wannan ke ƙarewa a bakin dangar wancan, har yau akwai matan da ke ce mini marar kunya. Ba a gabana suke faɗa ba, sun san halina. A bakin rijiya ake yi, ko wajen sussuka, daga baya maganar ta zagayo ta same ni. Ban taɓa neman su daina ba, don abin da suke faɗa ya faru. Da za a maido ni ranar, abin da na yi shi zan sake yi, kuma da murya mafi ƙarfi.

Maganar a kan 'yata ta fari ce. Kamar kowace 'yar fari a wajenmu, ana yaye ta Inna ta ɗauke ta, wato uwar mijina, wadda ɗakinta ke kallon nawa a tsallaken tsakar gida. Sunan Inna kuma aka raɗa mata. Kunya ta zama biyu ke nan: ba na faɗin sunan 'yar fari, ba na kuma faɗin sunan suruka. Inna tana kiran ta takwara, sauran gida suna da laƙabin da suke kiran ta da shi, ni kuwa "yarinyar nan" nake cewa, ko "'yar ɗakin Inna". Ita ma da ta fara magana ta ji ƙannen mijina suna ce mini Yaya, sai ta ɗauka.

Haka muka tashi mun gani, haka na bi, kuma na iya bi. In ta faɗi ta kurje gwiwa, sai in juya in ci gaba da tankaɗe. In ta yi abin yabo, sai in ce ina ruwana. Ranar da ta zo ta ɗaya a Islamiyya aka shigo da ita ana guɗa, madafa na shige na yi ta hura ɗanyen itace, don in an ga idona a ce hayaƙi ne. Ina son ta, so mai ciwo, irin wanda ba shi da ƙofar fita. Inna ma tana son ta, wannan ba zan ɓoye ba. Ta goya ta har bayanta ya ƙage, kuma ba a taɓa yanka kaza a gidan nan hantar ba ta tafi bakin takwara ba.

Tana gab da gama firamare ciwon ya zo, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Zazzaɓi ne da farko, aka yi ta sayen magani a kemis. Da cikinta ya kumbura ya yi tauri aka kai ta Ɗanbatta, su kuma suka ce a wuce Kano da gaggawa. A can aka ce taifot ne ya huda mata hanji, aka yi mata aiki. Ba a ma tsaya shawarar wanda zai yi jinya ba. Inna ta ɗaure ƙullinta ta shiga mota, ni aka bar ni da ƙananan yara da gyaɗa a shanya.

Nawa aikin shi ne kai abinci. In na samu wadda za ta duba mini yara, sai in dama kunun gyaɗa in zuba a kula, in hau mota zuwa Ɗanbatta, in sake wata zuwa birni, mu ratsa ta gefen Ungogo inda gonaki suka koma bulo, sannan a-daidaita-sahu ya ƙarasa da ni. In na shiga ɗakin marasa lafiya sai in durƙusa in gai da Inna, in ce ya mai jiki, kamar wata maƙwabciya da ta biyo hanya. Daga ƙafar gado nake tsayawa. Akwai ranar da wata nas ta tafa hannu ta ce masu dubiya su fita, lokaci ya yi, ta nuna ni da baki. Na ɗauki kulata na fita. Ba laifinta ba ne, abin da na nuna mata ta gani.

Aiki ya yi kyau, ɗinki ya fara kamewa, har mun fara cewa alhamdu lillahi. Sai zazzaɓi ya dawo. A canza allura ya ɗan lafa, ya sake tasowa. An sa mata wata roba a jijiyar wuya da ake ƙarin ruwa da magani ta ciki, ga shi kullum ana zuwa ɗibar jini. Wai shuka shi ake yi a kwalba, a jira a ga ƙwayar cutar da za ta tsiro. Mu manoma abin har dariya ya so ya ba mu, amma dariyar ba ta daɗe ba, don shukar tasu ta ƙi tsirowa, yarinya kuwa tana ta zubewa.

A nan haƙurin Inna ya ƙare. Ta ce sun tsotse mata jika, abin da ya rage a jikin bai kai cikin ludayi ba, amma kullum da sirinji suke gaishe ta. Ta ce ciwon da likita ya nema ya rasa ba na asibiti ba ne, a mai da ita gida a yi rubutu da hayaƙi, in kuma kwana ya ƙare, ya ƙare a ɗakinta, hannun da ta sani ya yi mata wanka. Malam, mijina, mutumin kirki ne, amma tun da aka haife shi bai taɓa ce wa Inna a'a ba, ba na jin ya san yadda ake haɗa kalmar a gabanta. Ya ce to.

Ban san an yanke wannan shawara ba sai da na iso da hantsi na tarar an ɗaure kaya. Tabarma a naɗe, buta a kan bokiti, Inna zaune da mayafinta a kafaɗa. Ta ce Malam ya tafi tasha ɗauko shatar mota. Na ajiye kula na tsaya a wajen da na saba tsayawa.

Ana haka likitar ɗakin ta shigo, wata 'yar gajeriyar mace mai tabarau, da Hausarta ta cikin birni. Ta ja kujera ta zauna kusa da Inna, ta yi mata magana da ladabi. Ta ce tana zargin ba irin ƙwayar da suke ta harbi da allura ba ce ke cikin jinin yarinyar. Akwai wata da ake kira fangas, dangin funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana zaune a cikin kowa ba ta cutarwa, amma in an buɗe hanji, aka daɗe ana ba da magunguna masu ƙarfi, ga kuma roba a jijiya, takan samu hanya ta shiga jini. Ita wannan sau da yawa ba ta tsirowa a kwalba da wuri, wani lokacin ma ba ta tsirowa sam. Maganinta daban ne, kuma wanda suke da shi yana da nauyi, yana taɓa ƙoda, ba ta son ɗora wa yarinyar da ta rame haka sai da hujja. Tana roƙon a bar ta ta ɗibi jini kaɗan, sau ɗaya, don wani gwaji na daban.

Inna ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce ko ɗigo.

Likita ta ce ta ji, amma tana so ta ji daga bakin mahaifi ko mahaifiya. Inna ta ce mahaifi ya riga ya faɗi tasa, shi ya sa ya tafi neman mota, uwa kuwa ita ce da kanta, ga ta nan zaune. Sai likita ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. Ina jin ta daɗe da ganewa, ai ita ma Bahaushiya ce. Ta tambaye ni, baiwar Allah, ke ce wa? Kafin in buɗe baki Inna ta amsa mata cewa matar ɗanta ce, abinci ta kawo.

Ban musa ba tukuna. Abin da ya fito daga bakina tambaya ce. Na ce in ƙwayar ta ƙi tsirowa a kwalba, ta yaya wannan gwajin zai gan ta? Likita ta ce ba ƙwayar yake nema ba. Jinin mutum yana da dakarunsa, kuma a cikinsu akwai umarnin halitta da aka gada daga iyaye. In cuta ta shigo, wasu sassan umarnin suna farkawa, kuma waɗanda ke farkawa don fangas ba su ne ke farkawa don sauran ƙwayoyi ba. Gwajin yana duba waɗanne ne suka farka. Nan take na gane, don ina kiwon kaji. Ina cikin ɗaki nakan san ko shirwa ce ta kawo hari ko maciji ne ya shigo akurki, ba don na ga ɗayansu ba, kukan kazar ne ya bambanta. Na faɗa mata haka, ta ce to shi ke nan, kin riga ni.

Ba ta yi mini daɗin baki ba. Ta ce gwajin sabo ne, ana kan bincikensa a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ba da shi kaɗai za ta yanke hukunci ba, sai ta haɗa da abin da idonta ke gani. Ta ce ba ta yi alkawarin warkewa ba, wannan na Allah ne. Abu ɗaya ta tabbatar: in fangas ce a cikin jinin, babu abin da ke ƙauye da zai kai gare ta.

Na dubi gadon. Yarinyar tana kwance ido a rufe, leɓe a tsage, hannuwa duk tabon allura. Zanen ya zame daga ƙafarta. Ƙafata ce sak, har yatsan nan na biyu da ya ɗara babban tsawo. Na daɗe da sanin haka, tun tana jaririya, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai na ji wani fushi ya taso mini tun daga ciki, ba da Inna ba, ba da Malam ba, da wannan tsayuwar tawa a ƙafar gado. Za a ɗauki 'yata a sa a mota, a bi da ita hanyar nan mai ramuka a kai ta inda za ta mutu, ni kuma in riƙe kula in bi bayansu, don a ce ina da kunya.

"Ni na haife ta," na ce. "A ɗiba."

Matar gadon kusa ta daina fifita. Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Yau kuma ke ce mai 'ya?"

"Tun ranar da na durƙusa ni ce, Inna. Ke kika raine ta, Allah ya saka miki da Aljanna. Amma ba za ta hau motar nan ba."

Na zaci na gama, ashe da saura. Nas ta zo da 'yar kwalba da alƙalami, ita ce ma wadda ta taɓa korata. Ta ce ƙa'idarsu wanda ya ba da izini shi ke faɗin cikakken sunan mara lafiya, a rubuta a jikin kwalbar a gabansa, kada a haɗa da jinin wani. Cikakken suna, wato nata da na ubanta. Nata sunan Inna ne, na ubanta kuwa sunan mijina, wanda tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa hawa harshena ba. Ga Inna zaune tana kallona.

Na faɗa. Ya fito ƙasa-ƙasa, nas ta karkato kunne ta ce ba ta ji ba. To, na ce a raina, tunda an fara a gama. Na sake faɗa dalla-dalla, yadda har na bakin ƙofa sai da suka ji. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuwa na zagaya na riƙe hannun 'yata aka soka allura, jini ya hau kwalba, kuma bai kai abin da ake ta faɗa a kansa ba, ko cikin cokalin shayi bai fi ba.

Malam ya dawo ya ce mota tana bakin ƙofa. Ya tarar da ni zaune a gefen gado, inda bai taɓa ganina ba. Inna ta ba shi labari a gajarce, ba ta rage komai ba, har da sunan. Ya yafito ni mu fita waje, na ce a yi maganar a nan. Na ce masa ban taɓa tsallake maganarsa ba, shi ma shaida ne, amma in ya ɗauke ta yau to ya haɗa da ni, kuma ya sauke ni a ƙofar gidan ubana. Ya dubi uwarsa, ya dube ni, ya dubi yarinyar ya daɗe. Tausayinsa ya kama ni, amma ban janye ba. Daga ƙarshe Inna ce ta raba gardamar. Ta miƙe ta zare ƙullinta daga cikin kayan, ta ce tunda mai 'ya ta bayyana, ita aikinta ya ƙare. Motar da aka ɗauko don jika, kaka ta kai gida.

Haka jinya ta dawo hannuna, kuma sai na ga ban san 'yata ba. Ban san ta wane gefe take son kwanciya ba. Ban san ba ta shan kunu da tsami ba, sai da ta kau da kai. Rabona da in yi mata wanka tun tana goye. Na jiƙa tsumma ina goge mata jiki ina ƙirga haƙarƙarinta da ido, tsoro kuwa ya cika ni fal. Na san in ta mutu a gadon nan, a kaina za a ɗora har in koma ga Allah: ita ce ta hana a kawo ta gida, ita ce ta sa aka zuƙe sauran jinin. Na ji tsoron, amma ko sau ɗaya ban yi da-na-sani ba.

Sakamako bai daɗe ba kamar na shuka. Likita ta zo da saurinta ta ce alamun da suka farka a jinin na fangas ne, kuma sun dace da abin da take zargi. A ranar aka cire robar wuya, don ta ce a jikinta ƙwayar ke maƙalewa, aka sa wata a hannu, aka rataya wani ruwan magani rawaya. Maganin ba wasa ba ne. In ya fara shiga sai ta hau karkarwa har gado yana motsi, in danne ta da jikina ina karanta duk abin da na haddace. Aka ci gaba da ɗibar jini don duba ƙoda, kuma duk wanda ya zo da sirinji ni nake miƙa masa hannunta. Can daga baya ɗaya daga cikin kwalaben da aka shuka ta tsiro, fangas ɗin ce dai. Na ce sannu da zuwa, ai mun daɗe da wucewa.

Zazzaɓin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa ja da baya. Wata safiya ina ba ta kunu, marar tsami, sai ta riƙe cokalin ta dube ni.

"Yaya, ran nan ke kika faɗi sunana?"

Na ce ni ce.

"Na zaci mafarki nake. Ban san haka yake a bakinki ba." Sannan ta ce, "Sake faɗa."

Na sake faɗa. Ba madafa a kusa, ba ɗanyen itace, don haka na bar hawayen suka zubo a gabanta, ta gani.

Da aka sallame mu an riga an gama girbi, dawa ta shiga rumbu. Inna ta fito ta rungume takwararta ta yi ɗaki da ita, ni ko kallo ban ishe ta ba. Ban ja da ita ba. Ɗakin nan ne ɗakin yarinyar, can ta saba, ni ba ƙwace na je yi ba. Na ci gaba da durƙusawa a ƙofar Inna kowace safiya ina gaishe ta, tana amsa mini da tari, aka daɗe a haka kafin ta koma amsawa da baki. Labari kuwa ya riga mu isowa. An ce na tsaya a tsakiyar asibiti na kira sunan suruka da na miji kamar mai kiran awaki. Wata gwaggon Malam ta yi tattaki takanas ta zo ta ce mini a zamaninsu mace ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige. Na ce Allah ya ji ƙan mutanen zamaninsu, ya ji ƙan 'ya'yan da suka binne, na kawo mata ruwa ta sha.

Wasu sun ɗauka abin na asibiti ne, tunda an dawo gida zan koma "yarinyar nan". Ban koma ba. Sunan Malam dai na mai da shi inda yake, wannan sau ɗaya ya ishe mu ni da shi. Amma nata na riƙe. Ranar farko da na gwada, mata suna daka a tsakar gida, na tsaya a ƙofar ɗakina na kira ta ta zo ta karya. Taɓarya ta tsaya a sama. Labulen Inna ya motsa, yarinyar ta fito da ƙafarta, siririya kamar karan dawa, tana dafa bango, ta ratso tsakanin turame ta zo.

Yanzu ta girma, tana sakandare a Ɗanbatta, tabon aikin yana nan a cikinta. Inna ta tsufa ƙwarai, kuma har gobe in na yi kiran takan ja tsaki daga ɗaki. Matan bakin rijiya suna nan da bakinsu. 'Yar tawa kuma har yau Yaya take ce mini, bakinta ya riga ya saba, ban taɓa cewa ta canza ba. Ta kira ni duk abin da ta ga dama. Ni dai in na kira, akwai mai amsawa.